Yaɓen da ya ƙi zama

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari tana sakandare, abokina bakanike da ke gyara min mota a titin Gate City Boulevard na Greensboro, nan Amurka, ya gayyace mu garinsu, wani ɗan ƙaramin gari a cikin duwatsun New Mexico. Ya ce duk shekara idan zafi ya shigo, 'yan garin kan koma gida aikin gayya. Ban ma tambayi wane aiki ba. Hutu na ji, na ɗauki yarinya muka bi shi.

Kafin in yi nisa, bari in faɗi tawa. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, magini ne a Damagaram. Tun 'yata tana ƙarama nake ba ta labarin gidajen da muka gina ni da shi, yadda nake kwaɓa ƙasa, yadda nake yaɓe mutane na tsayawa kallo. Gaskiyar magana, yayana ne ya koyi aikin. Ni ɗiban ruwa kawai ake aikena, shi ma sau da yawa a tasha ake samo ni ina kallon motoci. To amma a Greensboro wa zai ƙaryata ni? Yarinya kuwa ta riƙe labarin nan da hannu biyu, har ƙawayenta take ba wa.

Da muka hau dutse muka shiga garin, sai da na rage gudu. Gidajen ƙasa ne, jajaye, da tanderun gashin burodi a ƙofar gida. A tsakiyar gari ga wani tsohon coci, shi ma na ƙasa. Abokina ya ce kakanninsu su ne 'yan asalin wurin tun kafin Turawan Spain su zo da addinin Katolika, kuma har yau tsofaffi na jin yarensu, ranar biki a fito da ganguna bayan an tashi daga coci. Aikin gayyar kuwa shi ne sabunta yaɓen cocin da katangarsa kafin ruwa ya sauka.

Shugabar aikin goggon abokina ce, wata 'yar tsohuwa mai farin kitso. Muna gaisawa 'yata ta yi caraf ta ce mata da Turanci, "Babana gwani ne a wannan aikin. A ƙasarmu gidan magina ya fito."

Nan ne ya kamata in yi magana. Maimakon haka sai na gyara tsayuwa, na ce ai ba komai, ɗan abin da muka gada ne. Na dai ce ni Musulmi ne, a ba ni katangar waje. Tsohuwa ta ce katanga ma tana son hannu, ta nuna min wuri.

Na naɗe hannun riga. Ga laka an kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, irin wadda muke ce wa ramno. Har na tsinci kara ɗaya na duba, na gyaɗa kai kamar na san abin da nake dubawa. 'Yata ta ɗaga waya tana ɗauka, wai za ta aika wa baffanta. Na cika hannu na maka wa bango, na shafe. Ya yi kyau na ɗan lokaci. Sai ya ɓanɓaro gaba ɗaya ya faɗo min a takalmi. Na ce lakar ta yi ruwa. Na sake makawa da ƙarfi, ya sake faɗowa.

Abokina ya ce, "Alhaji, ko bangon Amurka bai jin Hausa ne?"

Mata suka fashe da dariya. Tsohuwa ba ta yi ba. Ta tsoma tsintsiya a bokiti ta yayyafa wa bangon ruwa, ta ɗebi laka kaɗan ta danna da tafin hannu, ta zauna daram. Ta ce min, "Ɗana, ba ka jiƙa shi ba." Abin da yaron magini ke sani tun kafin ya iya ɗaura wando ke nan.

Na waiwaya, 'yata ta sauke wayar. Ba ta dariya. Kallon da ta yi min ya fi min dariyar mutanen ciwo.

Na ja ta gefen wata bishiya na gaya mata komai, har da zancen tasha. Ta ce, "Ɗakin Kaka da ka ce kai ka yaɓe fa?" Na ce baffanki ne. "Na liman?" Na ce shi ne. Sai ta ce, "To me ka iya, Baba?"

Na ce, "Ɗiban ruwa."

Ta miƙo min bokiti.

Haka na wuni ina jigilar ruwa daga famfo, ita kuma tana kusa da tsohuwa tana koyo, laka har gwiwar hannu. Da yamma aka kawo burodi mai zafi da wake, na samu gefe na yi salla, ba wanda ya dame ni. Yarinya dai ba ta sake min fuska ba sai a hanyar dawowa, shi ma sai da na kira yayana a gabanta ya tabbatar da zancen, yana dariya har da tari.

Na roƙi gafararta, na roƙi ta Allah, don ƙarya ce ko da a ce labarin dare ne ga yaro. Abin da na gane shi ne, yarinyar ba ta taɓa neman in zama gwani ba, ni ne na ga kamar direba irina da ya bar gida ba shi da abin nuna wa 'yarsa. Yanzu abin da ya faru nake faɗa, ko da ni ne abin dariya a ciki, kuma ta fi son waɗannan.

Ta girma, ta yi aure. Amma har gobe in na fara labari a gaban mijinta, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, Baba. Wannan an jiƙa bangon?"