Katangar Yaya Bilki da Girgizar Ƙasa

Ranar Talata ce cikin azumin 2011, bayan azahar, a gidanmu na bene a garin Greenbelt na Amurka. Ina da shekara goma sha biyu, ina durƙushe gaban teburin Yaya Bilki, ina ƙoƙarin mayar da duwatsun da ƙwallona ta rushe. Ita da Umma sun tafi Landover cefanen buɗa-baki.

Duk hutun makarantar nan ta kwashe tana gina ƙaramin samfurin wani tsohon garin ƙabilar Inka da ke saman duwatsun Peru, don gasar da za ta ba ta gurbi a ajin masu son aikin injiniya. Daga rafin bayan gidajenmu take tsinto duwatsu, ta zauna a matakala tana goga su har yatsunta su yi jini. Ta yi katanga, da gonaki hawa-hawa, da magudanar ruwa, da ƙofofi masu tsukewa ta sama. Ko ɗigon gam ba ta sa ba, domin ta ce magina garin ba su sa laka ba, dutse ne ke riƙe ɗan'uwansa, in ƙasa ta girgiza su motsa su koma mazauninsu. Shi ya sa na kasa gyarawa. Kowane dutse gurbinsa ɗaya ne, ita kaɗai ta san shi.

Ina cikin haka tagogi suka fara kaɗawa, kofuna na karo, maƙwabta na gudu a matakala. Girgizar ƙasa ce ta gaske. Kafin ta lafa na riga na san ƙaryar da zan yi.

Da Abba ya dawo ya daɗe yana duban kofunan da ko ɗaya bai faɗi ba, sannan ya dube ni. “Sadiƙu, da azumi a bakinka, girgizar ce ta rushe shi?” Na rantse. Yaya Bilki ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, “Nasu ya shekara ɗari biyar, nawa ko minti ɗaya bai yi ba. Ashe ban iya ba.” Ta kwashe duwatsun ta mayar rafi, ba ta shiga gasar ba.

Yau tana aiki a kantin magani, kuma in hira ta biyo ta kan gini takan yi dariya ta ce ita ba ta da hannun gini. Shekara da shekaru ina jin wannan dariyar ina sunkuyar da kai. Yaya, katangarki ba ta gaza ba, ni na rushe ta.