Taken Maharazu a Akwati

Gwadabe ɗan unguwar Madabo ne, makaɗin mahauta kamar mahaifinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana fita da kalangu zuwa kwatar Ƙofar Mazugal bayan sallar asuba. A wancan zamani kowane babban mahauci yana da takensa, ɗan gajeren kiɗa nasa shi kaɗai. In ya ji shi, ko yana tsakiyar fiɗa ne, sai ya ɗaga wuƙa ya jinjina. Da wannan ake gane makaɗi ya iya.

A shekarar 2019 hawan jini ya shanye masa hannun hagu. Da hammatar hagu ake matse kalangu, muryarsa ta hau ko ta sauka. Hannun dama ya rage masa lafiya ƙalau, amma duka kaɗai ba ya yin take. Ya rataye kalangun a ƙusa, ya koma zaman benci a shagon Nura mai gyaran rediyo, a kan hanyar kwata. Mahauta na wucewa su gaishe shi gaisuwar mara lafiya. Wannan gaisuwa ta fi ciwon damunsa.

Cikin tsofaffin kaya da aka kawo wa Nura akwai wani akwatin kiɗa. Maɓallai goma sha shida ne a jere, ƙaramar fitila tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana komawa farko. Duk wanda aka danna, nan bugu zai faɗa. A sama kuma akwai wasu na murɗawa, irin na neman tasha, waɗanda ke mulkin kiɗan gaba ɗaya: ɗaya na sauri, ɗaya na lanƙwasa murya.

Gwadabe ya murɗa na biyun, ya ji sautin ya miƙe ya dawo.

"Nura, ai wannan hammata ce."

"Hammatar Bature, Baba. Ba ta wari."

Wata biyu ya yi a kai. Ya jera bugun uwar kalangu a layi ɗaya, ya jera na kuntuku a wani layin, wato ƙaramar gangar nan da ke riƙe kiɗa ba ta sauya murya. Taken da ya zaɓa na Alhaji Maharazu ne, wanda ya fi kowa tsufa a kwata, mutumin da mahaifin Gwadabe ya yi wa taken da hannunsa.

Ranar wata Talata da hantsi Maharazu ya biyo ta gaban shagon. Gwadabe ya kunna, ya kama murɗawa. Tsohon ya tsaya, ya karkata kunne.

"Sannu da jiki, Gwadabe. Bikin wa ake yi?"

Ya wuce abinsa.

Washegari Gwadabe ya sa Nura ya riƙa murɗawa, shi kuma ya koma tsallaken titi ya saurara. Daga can ya ji abin da bai ji ba yana zaune a kai. Ashe ranar Talatar ya murɗa maɓallin ne kamar yadda ya saba matse kalangu, ya manta hammata ganga ɗaya take matsewa. Maɓallin kuwa duka biyun yake ɗauka, uwa da kuntuku su hau tare su sauka tare. Kunnen mahauci da kuntuku yake auna hawan uwa. In ya motsa, babu take.

"Raba min su," in ji shi. "Ƙaramin ya zauna inda yake."

Nura ya yi kwana uku yana lalube kafin ya gano yadda ake cire layi ɗaya daga ƙarƙashin maɓallin. Gwadabe ya kuma rage saurin kaɗan, domin mahaifinsa ba ya gaggawa.

Talatar da ta zagayo Maharazu ya sake biyowa, da sanda a hannu, don ya daɗe da ajiye wuƙa. Ya wuce shagon da taku uku, sannan ya tsaya. Bai waiwayo ba. Ya ɗaga sandar sama, ya riƙe ta har taken ya ƙare.

"Ka yi nauyin hannu a ƙarshe," ya ce. "Ubanka yana saki da wuri."

Bai tambaye shi jiki ba. Gwadabe ya mayar da fitilar farko, ya sake gwada ƙarshen.