Zuƙa Uku ta Pak Kasmuri

A gindin dutsen Sumbing, inda kowa ke noman taba, babu manomin da bai san kujerar Pak Kasmuri ba. Shekara talatin da ɗaya yana kanta a bakin sito, aikinsa ɗanɗana taba. A kawo kwando, ya cusa hannu ya ɗebo, ya matsa, ya shinshina, sannan ya naɗa a ɓawon masara ya kunna. Zuƙa uku yake yi ya faɗi darajarta, kuma abin da ya faɗa shi gidan manomin zai ci har wata kaka. Ba shi da fara'a ko ta sisi, amma ba a taɓa jin an saye bakinsa ba, shi ya sa muke jure masa.

Tari ya fara masa kamar wasa, har ya kai ba ya hawa tudun masallaci sai ya huta sau biyu. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce in ya ƙara damina biyu da hayaƙi, to a tanadi likkafani. 'Yarsa Warsini, mai ɗinki a birnin Semarang, ta zo masa da filastar nikotin ta mannawa a dantse da wani cingam mai ɗaci. Ta yi kuka, ta sa shi ya ɗaukar mata alkawarin daina shan taba.

Ya sha wuya, wannan kam a idonmu aka yi. Abinci ba ya shiga, ko kaza ce ta gifta sai ta sha zagi. A shagon kofi abokai suka sa shi gaba: "Kang," wato yaya a yarenmu, "a sayo maka alawa ka haɗa da cingam ɗin?" Ya yi musu kunnen uwar shegu. Wata biyar bai taɓa kara ɗaya ba. Tarin ya lafa, hancinsa kuma ya buɗe fiye da na ƙuruciya.

Ranar da aka buɗe sito a kakar nan, kwandon farko na Tukiran ne, abokinsa tun suna yara. Kasmuri ya ɗebo, ya shinshina, ya ajiye.

"Mai daraja ta uku ce, Kang. Ka zuba mata sukari don ta yi nauyi."

"Wa ya gaya maka? Ka sha ne?"

"Hancina ya ji."

"Hanci! Jama'a ku ji min! Tsoho na ta tuƙa kamar akuya, shi zai kashe min wahalar shekara? Ubana a nan ya sayar, kakana a nan ya sayar, ba wanda aka yanke wa hukunci sai ya ga hayaƙin tabarsa na fita ta hancin mai kujera!"

Haka al'adar take, ba ƙarya ya yi ba. Abin haushin, duk wanda ke layin ya san Tukiran na zuba sukari, rabinsu ma suna zubawa. Amma suka kaure da hayaniya kamar an zagi iyayensu. Mai sito ya fito ya ja Kasmuri gefe.

"Pak, ni na yarda da hancinka, su ne ba su yarda ba. Ko ka kunna, ko in ɗora wani a kujerar nan yau."

Kasmuri ba shi da gona ko taku ɗaya, kuma bai iya wata sana'a ba. Ya tofar da cingam, ya koma ya zauna, ya naɗa. Tukiran da kansa ya ƙyasta masa ashana.

Zuƙar farko tari ya turnuƙe shi har hawaye. Ta biyu kuwa ta yi masa daɗi, daɗin da ya tsorata shi ya sa ya tsani kansa. Ya yi ta uku, ya saki hayaƙin ta hanci kowa na kallo.

"Ta uku ce. Da sukari."

"To, yanzu ka yi magana," in ji Tukiran, ko kunya babu. Ya cicciɓi kwandonsa ya nufi sikeli. "Allah ya ƙara maka lafiya, Kang."

Kasmuri ya share ido ya ɗaga kai. Kwanduna sun yi layi har bakin titi, kowanne da mai shi tsaye a kai, na gaba har ya ciro ashanarsa.