Kawu Bawa da Gadar Cikin Kai

Duk wanda ya taɓa gaida Kawu Bawa ya san da ranƙwashi yake amsa gaisuwa. Ka durƙusa ka ce, "Kawu ina kwana," sai ya kama haɓarka, ya ranƙwashe ka a hagu, ƙwas, ya ranƙwashe ka a dama, ƙwas, sannan ya kara kunne a tsakiyar kanka kamar mai zaɓen kankana. In ya girgiza kai ya ce, "Gada ta karye," to shi ke nan, kai da wayo sai dai ka gani wurin wasu. Ku daina sunkuyar da kai, rabin waɗanda ke zaune a zauren nan an yanke musu wannan hukunci. Ni ɗan ƙanwarshi ne, a gidanshi na tashi, kuma tun ina yawo da gajeren wando ya gaya ma Innata cewa tawa gadar ta karan dawa ce, kada a ɗora mata kaya.

Dariya kuke yi ko? Ku yi, ai kun saba. Da ranshi ma dariyar kunka yi mishi, yau kuma mun taru sadakar arba'in ɗinshi kowa na faɗin "mutumin kirki, mutumin kirki" da masa cike da baki. Ni dai raina a ɓace yake, kuma sai na faɗi abin da ya ɓata shi kafin kowa ya nemi takalminshi.

Baƙinmu na Gummi da Bukkuyum ba su san mafarin ba. Kawu mahauci ne, amma ba ruwanshi da cinya ko ƙirji. Kai kawai yake sayarwa a kasuwar Anka, na sa da na rago. Wata rana yana babbaka, rediyonshi na rataye a jikin rumfa, sai ya ji ana labarin wani Bature masanin lissafi da ya mutu tuntuni, likitoci sunka cire ƙwaƙwalwarshi sunka adana. Wai da anka duba, sai anka ga abin da ya haɗa ɓangaren hagu da na dama ya fi na yawancin mutane kauri, saƙo na wucewa tsakaninsu ba cunkoso. Kawu ya jawo gatari ya tsaga kan rago, ya sa yatsa ya buɗa ƙwaƙwalwar a hankali. Sai ga wani farin abu shimfiɗe a tsakiya, ya riƙe ɓangarorin nan biyu.

Ya miƙe tsaye ya kwarma ihu: "Wallahi ga ta! Tun ina saurayi nike sayar da gada ban sani ba!"

Daga ranar masu saye sunka shiga uku. Ba ya miƙa maka ƙwaƙwalwa sai ya gama bincike. Akwai wata Hajiya mai tuwo da ta gaji da tsayuwa, ta ce, "Bawa, ƙwaƙwalwa na zo saye, miyata na kan wuta."

"Dakata Hajiya. Wanga rago malami ne, dubi faɗin gadarshi."

"To malamin naka, mi ya sa ya tsaya anka yanka shi?"

Kawu ya dubi kan ragon da tausayi, ya ce, "Yarda ya yi da mutane. Masu ilimi duk haka su ke ƙarewa."

Kuma ya hana ta! Ya naɗe a takarda ya kai gida ya cinye abinshi. Ashe haka yake yi kullum: masu faɗin gada ya ci, masu ƙaramar gada ya sayar muna. Jama'a, mun daɗe muna cin dolayen raguna ba mu sani ba, sannan ya dawo ya ranƙwashe mu ya ce ba mu da kai.

Ana nan sai ya ji cewa ɓangaren dama ne ke juya hannun hagu. Ya ce ashe shi ya sa gadar mutane ke tsukewa, an bar hanya ba mai bi. Ya kafa doka a gida. Shara da hagu, jan guga da hagu, matarshi Inna Hajo daka da hagu, har taɓarya ta kuɓuce ta sauka a kan ƙafarta. Cin abinci kawai ya ɗaga muna, shi ma don Liman ya tako har gida ya yi mishi faɗa. Shi kuwa ya ɗauki barho da hagu zai yi gwaninta, ya datse kan ɗan yatsanshi na dama.

Inna Hajo tana ɗaure mishi da tsumma ta ce, "To Malam, gada ta faɗaɗa?"

"Ta faɗaɗa mana. Ba ki ga ban yi kuka ba? Hagu ya aika ma dama cewa kuskure ne, dama ta ce ba komi."

A duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ya ci jarrabawar Kawu, ita ce jikarshi Asma'u, ɗiyar ɗanshi Lawali. Ga Lawalin can jikin ƙofa, ya ji ni da kyau. Yarinyar nan ba ta kai shiga makaranta ba, amma in almuru ta yi awaki sunka dawo, ita ke faɗin ta wane gida ce ba ta shigo ba. Karatun da yayyenta ke ta maimaitawa suna kuka, ita tana wasan ƙasa a gefe ta haddace, har ta gyara musu. Hannu biyu duk ɗaya ne a wurinta. Kawu ya ranƙwashe ta a hankali, ya saurara, sai ga hawaye.

"Wagga gada mota biyu na iya gittawa," in ji shi. "Ita kaɗai ta gado ni. Lawali dai tsallake shi anka yi."

Kullum ya dawo kasuwa, ƙwaƙwalwar ragon da ya fi kowa ilimi ita ake soya mawa. Shi da bai taɓa ba kowa ko loma ba.

Sai zinare ya zo. Kun san yadda anka yi a ƙauyenmu da Duza da sauran wurare, ba sai na tuna muku ba. Maza sunka bar gona sunka koma rami, ana kwaso dutse a buhu ana kawowa cikin gida. Lawali ya sayo injin niƙa ya kafa a tsakar gidanshi, katanga ɗaya da na Kawu, kusa da inda ake shanya hatsi. Mata na daka dutse a turmin da za su daka gero. Ƙura ta rufe randa, ta rufe tabarma, yara na rarrafe a ciki suna sa hannu a baki.

Kawu ya tada bala'i. Kada wani ya ce ya san maganar guba, bai sani ba, ba wanda ya sani a cikinmu. Shi ƙarar injin ce ta dame shi. Ya ce girgizar nan za ta tsattsaga gadar Asma'u.

Lawali ya ce, "Baba, arziki ne Allah ya kawo muna har gida."

"Arzikin ya tahi bayan gari ya yi ƙararshi can. Nan akwai mai tunani."

Da Lawali ya ƙi, sai Kawu ya bari har Lawalin ya fita, ya kwance bel ɗin injin ya rataya a kafaɗa kamar carbi, ya tafi kasuwa da shi. Da shi yake salla, da shi yake kwana. Lawali ya sayo wani, Kawu ya kwance. Ya sake sayowa, ya sake kwancewa, har Kawu ya koma tafiya kamar jakin masu tayoyi. Maganar ta kai gaban mai gari. Ina wurin, kuma da yawanku kuna wurin. Mai gari ya ce, "Bawa, mi injin ya yi maka?" Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, kan ɗiyan garin ga zai lalata." Wurin ya kece da dariya. Wani har da faɗuwa yana riƙe ciki, yana cewa tsoho ya ci ƙwaƙwalwar rago har ta hau mishi kai. Na san mai wannan magana, yana cikin zauren nan, ya ci masa ya ƙoshi. Anka karɓe bel ɗin anka mayar ma Lawali.

Damina ba ta faɗi ba yara sunka fara jijjiga. Yaro na wasa sai ya sanƙare, ido ya juye, kumfa a baki. Anka ce iska ce, anka ce zazzaɓi ne, anka yi ta turare da rubutu. Mun kai ƙananan gawawwaki maƙabarta har masu haƙa sunka daina komawa gida da magirbi. Asma'u ta faɗi a bakin murhu da rana tsaka. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma maganar nan tata mai daɗi ta tafi. Yarinyar da ke gyara ma yayyenta karatu ta koma sai a kira sunanta sau da yawa kafin ta juyo.

Da likitoci sunka zo sunka ɗebi jini da ƙasa, sai sunka ce dalma ce a cikin dutsen, ƙurarta ke shiga jikin yara ta hau kai. Ni na ɗauki Kawu da Asma'u a babur zuwa asibiti a Anka. Ban lura ba ashe ya riƙo kwano a rufe. Muna shiga wurin likita, wata mata mai haƙuri, ya buɗe kwanon a kan teburinta. Ƙwaƙwalwar rago ce, ɗanya.

"Likita, ga irinta. Nuna min inda ta karye a kan yarinyar ga, a ɗora."

Likita ta dube shi, ta dubi kwanon, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce abin da ya gani gaskiya ne, akwai shi a kan mutum, kuma yana da amfani ƙwarai. Amma basira ba a wuri ɗaya take zaune ba, kuma ba a jin ta da ranƙwashi. Dalma ba wuri ɗaya take taɓawa ba, ko'ina take bi a ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa. Magani zai rage ta a jini, amma abin da ya riga ya lalace ba lalle ya dawo duka ba.

Kawu ya rufe kwanonshi. Muna fita ya ce min, "Wagga likita gadarta ko akuya ba ta bi." Na ce, "To mu daina zuwa?" Ya daka min tsawa: "Kai wawa ne? Wa ya ce a daina?" Bai taɓa fashin ranar magani ba. Ko hanya ta yanke da ruwa, sai ya goya ta ya ratsa.

Ga abin da ke ci min rai. An zo an kankare ƙasar gidaje, an zuba sabuwa, an yi muna bayani da Hausa ƙarara cewa kada a sake kawo dutse cikin gida. Kowa ya ce to. Ba a jima ba buhuna sunka fara dawowa ta ƙofar baya. Masu sayen zinare su zo da manyan motoci da ruwansu na roba, ko moɗa ɗaya ba su taɓa sha a randarmu ba, su kwashe su tafi, mu a bar mu da ƙura. Na san akwai talauci, nima a ciki nake. Amma akwai fili a bayan gari, ba wanda ya hana kowa niƙa a can. Ƙyuya ce kawai da tsoron kada a sace dutse.

Kawu ya daina sayar da kai ga duk wanda ya zo da ƙurar dutse a riga. Ciniki ya mutu, ko a jikinshi. Lawali ya so ya wanke kanshi, ya sayo mishi sabon babur ja, ya kawo har ƙofa da 'yan rakiya. Kawu ya zagaya shi, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Madalla. Ƙarfe ne mai nauyi." Ya jawo ragonshi ya ɗaure a jiki. Babur ɗin nan bai taɓa shan mai ba. Turke ya zama, kaji na ƙwai a ƙarƙashi, har tayoyin sunka ruɓe. Lawali ya ce, "Baba, mutane na yi da ni." Ya ce, "Su yi. Ni ragona ya gode."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya aika anka kira Liman. Mun ɗauka wasiyyar gona zai yi.

"Allah gafarta Malam, in na cika a tsaga kaina a auna gadata. In ta fi ta Baturen nan, a sanar a rediyo."

Liman ya ce, "A'uzubillahi! Bawa, haramun ne. Ka yi kalmar shahada."

Ya yi, tiryan-tiryan. Sannan ya juya fuska bango ya ce, "To ku binne ta. Hasarar Zamfara ce, ba tawa ba." Can kuma ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce a mayar da Asma'u ɗakin Inna Hajo, kada ta sake kwana a gidan da ake niƙa dutse, kuma kada wanda ya kira ta da wani suna in ba nata ba.

Yanzu Asma'u ta zama budurwa. Tun da anka fita da shi, duk ranar kasuwar Anka sai ta ɗauko takalmanshi ta goge, ta jera a bakin zauren nan, ta zauna a gefe har rana ta faɗi. Inna Hajo ta gaya mata ba zai dawo ba, nima na gaya mata. Sai ta gyaɗa kai, mako ya zagayo ta sake ɗaukowa.

Lawali, tun ɗazu ina magana ina jin injinka ta bayan katanga. Tashi da kanka ka kashe shi, ba aike za ka yi ba. Za mu jira ka.

To, ku ɗaga hannu. Allah ka jiƙan Kawu Bawa, ka yafe mishi zafin kai da kaifin baki, ka sanyaya makwancinshi. Ka haɗa shi da ƙananan nan da munka riga munka kai, ya samu masu zama kusa da shi. Asma'u kuma, ya Rabbi, ka ba ta masu haƙuri da ita bayanshi, ka sa mu a cikinsu. Amin.