Goggo Zulai Ɗaggaga Ce, Kuma Ita Ta Koya Min

Saƙon ya shigo wayata da hantsin ranar Asabar, amma ban ji shi ba sai bayan la'asar. Dokar ƙungiyar makaɗa ta matasa da nake ciki a Jidda ce, ranar bita kowa ya kashe wayarsa ya ajiye a bakin ƙofa. Da na kunna sai ga muryar mahaifiyata: "Rukayya, ya binti, sai haƙuri. Goggonki Zulai ta koma ga Mai ita." Saƙo na biyu ya ce an yi mata salla a Harami bayan azahar, maza sun tafi da ita maƙabarta. Daga Jidda zuwa Makka tafiyar awa guda ce. Ofishin ƙungiya yana da lamba, lambar kuma tana manne a jikin firij ɗinmu. Baffa Sani, yayan mahaifina kuma waliyyina tun rasuwar Baba, shi ya ce kada a kira, wai kada a tayar min da hankali ina cikin aiki. Haka aka wanke ta aka sa mata likkafani ban zuba mata ruwa ko moɗa ɗaya ba.

Da fushi nake wannan rubutu, kuma ba zan ɓoye ba. A rana ta uku ta zaman makoki Baffa ya kira ni gefe ya ce, tunda na iya tsara magana, in rubuta wani abu a kanta don dangi na nan da na gida. Ya ce in ambaci azuminta na Litinin da Alhamis, in ambaci zumuncinta, in tsaya a nan. "Maganar kiɗan nan khalas, ta tafi da ita. Kar ki tono mana." Ya kuma tuna min, cikin murya mai laushi, cewa shekarata sha bakwai, kuma da sa hannunsa nake zaune a kujerar da nake zaune a Jidda. Na fahimce shi sarai. Idan na faɗi sana'ar Goggo, zai iya janye hannunsa.

To, Goggo Zulai ɗaggaga ce. Haka mutanen Hijaz, wato yankin Makka da Jidda, ke kiran matan da ke kaɗa bandiri suna waƙa a ɓangaren mata ranar biki. Shekara arba'in tana wannan aiki. An haife ta a unguwar Nakkasa da ke Makka, iyayenta sun iso daga ƙasar Hausa ta Sudan bayan doguwar tafiya a ƙasa, kuma da mahaifinsu ya rasu ita ce babba, ita ta ɗauki bandiri ta ciyar da ƙannenta biyu, Baffa Sani da Babana. Da hannun nan nata suka yi karatu har suka zama ma'aikatan ofis masu farar tufa. Da suka zama ɗin, sai sana'ar ta fara yi musu wari. Idan an yi baƙi na kunya a gidan Baffa a unguwar Tandabawi, ta ƙofar baya ake shigo da ita, a ce wa baƙin tana sayar da turaren wuta. Ba ta taɓa sayar da turare ko na riyal ɗaya ba.

Bayan an rushe layinsu a Nakkasa ta dawo ɗaki ɗaya kusa da mu a Ka'akiyya, ina da shekara tara. Bandirai uku ke rataye a bangonta, da kaskon garwashi a ƙuryar ɗaki. Ranar da na fara kai hannu zan buga, ta riƙe min wuyan hannu ta ce, "Tsaya. Ki ji tukuna, sannan ki buga." Na yi sati biyu ba abin da nake yi sai riƙe bandiri a saman garwashi ina juya shi, tana ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa tana tambayata ko ya farka. Idan na matsa shi kusa da wuta don in gama da wuri, sai ta zabga min harara ta ce, "Fata ba ta son gaggawa, ya shekha." Mace ce mai faɗa, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Idan ka ɓata kiɗa a gabanta ba ta duba shekarunka. Amma idan amarya marainiya ce, ko iyayenta ba su da hali, Goggo za ta je da 'yan amshinta ta kaɗa kamar gidan sarauta ta dawo hannu rabbana, ta ce ai yarinya sau ɗaya take shiga da fari.

Kiɗanta ba irin na sauran ɗaggagai ba ne. Hannun dama yana tafiya da na Hijaz, yatsun hagu kuma suna saƙa wani abu a ƙarƙashi wanda ta gada daga kiɗan ƙwaryar mahaifiyarta. Matan Makka ba su san sunan abin ba, sun dai san idan Zulai ta shigo da amarya har tsofaffi miƙewa suke yi. Wannan ta zuba min a hannu shekara bakwai.

Bara aka sanar a makarantarmu cewa za a ɗauki matasa a ƙungiyar makaɗa, har da masu bandiri. Ita ta matsa min in nema. Baffa ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya sa hannu bisa sharaɗi ɗaya: kada sunan gidanmu ya haɗu da na ɗaggaga a kowace takarda. A fom ɗin akwai layi da aka rubuta sunan malami. Na bar shi fari.

Ranar gwaji mu biyu muka tafi a motar haya, bandirinta mafi tsufa yana kan cinyata a cikin zane. A Makka ta gasa shi da safe, yana amsawa tangararas. Muna sauka a ƙofar zauren ta ce in ba ta. Ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta tsuke baki. "Laimar Jidda ta shiga shi. Ji yadda yake magana kamar mai mura." Iskar Makka busasshiya ce, ta Jidda kuwa jiƙe take da ruwan teku, fatar akuya ta sha ta saki. Ni ban taɓa kaɗawa a wajen Makka ba, ban san haka ba. Saura minti ashirin a kira ni, ba garwashi, ba wuta. Hankalina ya tashi, na fara kuka.

"Share hawayen nan, aib," in ji ta. Ta juya ga direban, wani dattijo Bahaushe ɗan Tandabawi. "Malam, kar ka kashe motar, Allah ya saka." Ta shimfiɗa zanen a kan murfin injin da ya ɗauki zafin hanya, ta kifa bandirin a kai, tana juya shi tana murza fatar da tafin hannu, tana ɗagawa ta saurara ta mayar. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a tsaye cikin rana, abayarta ta koɗe. Sauran yara suna wucewa da iyayensu da kayan kiɗa cikin akwatuna masu sheƙi, wasu suna dariya, wani ma ya ɗaga waya. Wata yarinya mai ɗauke da kamanja, irin gogen nan na turawa, ta tsaya kusa da ni ta tambaye ni da Larabci, "Shaggalarku ce?" Wato 'yar aikinmu. Ban musa ba. Goggo tana jin Larabci fiye da ni, kuma tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai taku uku ba. Ba ta ɗago kai ba. Ta ƙwanƙwasa fatar, ta miƙo min ta ce, "Yalla, ya farka. Ki rungume shi a jikinki kar sanyin ɗakin ya kama shi. Ni ina nan waje."

Alƙalai uku ne a ciki, babbarsu wata malama 'yar Masar. Suka ajiye min nota, rubutun kiɗa, na yi ta tuntuɓe a kai don wata uku kacal na yi ina koyo. Malamar ta tafa wani kiɗa da hannu ta ce in mayar mata, na mayar. Ta tafa mai wuya, na mayar. Sai ta ture takardar gefe ta ce in kaɗa abin da na iya. Na kaɗa na shigar amarya. Da na gama ta ɗan jima tana kallon hannuna na hagu, sannan ta ce, "Wa ya koya miki?" Na ce a waya na koya. Ta ce, "Wannan ba a samunsa a waya. Akwai hannun wani a cikin hannunki." Na sake cewa a waya ne. Fushin da nake yi da Baffa bai kai rabin wanda nake yi da kaina a kan wannan amsa ba, don shi bai shiga ɗakin ba, bakina ne ya faɗa.

Bayan sati biyu sakamako ya fito. An ɗauke ni, an sa ni ta biyu cikin masu kiɗan fata huɗu, da sharaɗin in gyara karatun nota. Goggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta dafa shayi da na'ana'a, ta sa na ba ta labarin gwajin daga farko har ƙarshe, sau biyu. Duka biyun na tsallake tambayar malamar. A karo na biyu ta dube ni ta ce, "Ba su tambayi inda kika samo ba?" Na ce a'a. Ta ce, "Ɗayyib, shi ke nan," ta ci gaba da zuba shayi.

Da wasanmu na farko ya zo, kowane makaɗi an ba shi katin gayyata biyu. Goggo ta kai abayarta an goge tun saura kwana huɗu. Baffa ya aiko aka karɓi katunan, ɗaya nasa ɗaya na mahaifiyata, ya ce wurin manyan mutane ne, kuma wataƙila a sami wadda Zulai ta taɓa yi wa kiɗan biki ta gane ta. Mahaifiyata ta so ta ba da nata, ya ce idan haka ne shi ma ba zai je ba, kuma za a sake duba maganar gaba ɗaya. Aka ce wa Goggo wuri ya cika. Mutumin da ya shekara talatin yana kunyar bandiri, shi ne ya zauna a layin gaba yana ɗaukar bidiyo, ya tura wa duk wanda ya sani har Kano, da rubutu a ƙasa cewa 'yarmu ce a okestira. Bandirin da ke cikin bidiyon na yayarsa ne. Kiɗan nata ne. Abin da ya canza kawai an sa min baƙar riga an ajiye ni a bayan masu kamanja.

Washegari na kai mata bidiyon. Ta kalla a ƙaramar wayata, ta sa na mayar da wani wuri sau uku. "Nan kin makara da shiga. Kina kallon mai sandan can da ke jagorantar ku, kin daina saurare." Gaskiyarta ne, na makara. Sannan ta ce, "Amma hagun ya zauna, masha Allah." Abayar tana rataye a ƙusa cikin ledar mai guga. Sati shida bayan nan hawan jini ya kwantar da ita, ta kwana biyu a asibiti, aka ce ta samu sauƙi, ni kuma na tafi bita.

A zaman makoki na ga abin da ya ƙara min takaici. Matar Baffa tana gaya wa baƙi cewa marigayiya mai sayar da turare ce, baiwar Allah. A daidai lokacin mata suna ta shigowa waɗanda ba mu sani ba, Larabawa da Hausawa da Barebari, wasu da jikoki, kowace tana kuka tana cewa Zulai ce ta shigar da ni ɗakin mijina. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ranar bikina ba mu da ko abin ba 'yan amshi, ta zo ta kaɗa har hannunta ya fashe." Garin nan ya san ko wace ce ita. Gidanmu ne kaɗai ya yi kamar bai sani ba.

Asabar ɗin da ta wuce na sami malamar nan bayan bita na ce mata na yi mata ƙarya ranar gwaji. Ta ce ta sani. Ta ɗauko fom ɗina ta miƙo min biro, na cike layin da hannuna: Zulaihatu, ɗaggaga, 'yar Nakkasa. Na roƙi a buga shi haka a gaban sunana a takardar shirin wasa na gaba, ta ce za a buga. Baffa, na san wannan rubutu zai iso gare ka kafin kowa. Ina girmama ka, kai ne makwafin mahaifina. Idan ka janye sa hannunka zan bar kujerar, zan yi kuka, don ina son wurin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Amma ba zan sake zama a kanta da sunan na koya a waya ba.

Ya Allah, ga baiwarka Zulaihatu ta zo maka. Ka san azuminta da ba wanda ya musa, ka san marayun da ta faranta wa rai, ka san ƙannen da ta ciyar da tafin hannunta. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba 'yan amshinta haƙuri, su da suka rasa uwa da madogara rana ɗaya. Ka ba mahaifiyata haƙuri, ka sanyaya zuciyar Baffa, ka sanyaya tawa. Ni kuma da ba a kira ni na nemi gafararta tana da rai ba, ya Allah ka isar mata cewa na faɗa musu, ka sa ta yafe min. Amin.