Tsugunnon Ƙanwata

Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen goro sai gabana ya faɗi. Gidanmu a Djougou gidan goro ne. Ranar da kamiyo, babbar motar goro, ya iso daga kudu, mu yara ke kwaso kwanduna daga bakin titi zuwa zaure, kuma dokar kakarmu ita ce wanda ya zo ƙarshe ƙanzo ne rabonsa.

Ƙanwata ce ta ƙarshe kullum. Ba ta taku ashirin sai ta sauke kwando ta tsugunna, ta haɗa gwiwa da ƙirji tana haki, leɓɓanta sun yi baƙi. Kaka takan leƙo ta ce, "Ku dube ta, kaza ta samu wurin kwanci. Lalaci ne, gadon dangin uwarku." Ni na mai da maganar waƙa. Ga ni da murya, kada ka so ka ji. Mu kewaye ta muna tafi muna kukan kaza, ita tana murmushi, don ba ta da numfashin yin kuka.

Wata damina kaka ta ce yau za a cire mata lalacin nan. Ta ba ni tsumagiya, ta ce in bi bayanta, kada in bari ta tsugunna. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji da aka zaɓe ni. Sau uku tana lanƙwasa gwiwa ina tsula mata a ƙafa. Ta kai kwandon har zaure, ta kife a kansa. Shekarunta goma sha ɗaya. Aka ce kwana ya ƙare, aka raba goron sadaka daga kwandon nan.

Bara 'yata, mai aikin jinya a Parakou, ta ja ni hawan dutsen Taneka da suke yi don tunawa da yaran da ciwon zuciya ya ɗauke. A gindin dutsen wata likita ta yi wa iyaye bayani. Ta ce yaron da ke yawan tsugunnawa leɓɓansa na baƙi, kada a tashe shi, tsugunnon ne ke dawo masa da numfashi, asibiti za a kai shi.

Muka kama hanyar dutse. A tsakiyar hawa numfashina ya sarƙe, na tsugunna. Yaran yanzu ba irinmu ba ne. Wata yarinya ta miƙo mini ruwa ta ce, "Mama, huta, ba mai korarki."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.