Ina Ƙonewa, Jama'a Na Tafi

Edita, barka da aiki. Shekaru uku da suka wuce, da za ka tambaya daga Unguwar Sanusi har Romi wa ya fi kowa ƙoshin lafiya, ni za a nuna maka, in ba a nuna ba ma zan nuna kaina. Sana'ata gabatar da biki ce, emsi kamar yadda yaran yanzu ke cewa. Bikin Hausawa, na Ibo, na mutanen kudancin Kaduna, duk ni ake ba makirfo. Nakan faɗa wa jama'a cewa sauro in ya cije ni shi ake kaiwa asibiti, kuma allura ta taɓa lanƙwashewa a jikina har nas ta ba ni haƙuri. To wannan jarumin, shadda mai sitati ce ta kai shi ƙasa.

Abin ya fara ne a kafaɗa. Na sa babbar riga wata Asabar, na ji kamar an barbaɗa mini barkono a ciki. Na zagi mai wanki, na canza shi, zafin bai canza ba. Cikin 'yan watanni ya sauko baya, ya shiga cinyoyi da tafin ƙafa. Zanin gado ya taɓa ni, wuta. Iskar fanka ta buge ni, wuta. Abin haushin kuma babu ƙurji, babu kumburi, fata sumul. Mai ɗakina ta haska da tocilar waya, ta duba sama da ƙasa, ta ce ita ba ta ga komai ba, kuma mutumin da ya taɓa rantse mata ya ga kifi ya haɗiye keke a kogin Kaduna, sai a yi masa uzuri. A nan na fara girbar abin da bakina ya shuka. Shekara ashirin ina ƙara gishiri a magana, ranar da na faɗi gaskiya zalla babu mai saye.

Maƙwabcina, wani bakanike ɗan ƙabilar Ibo da ke da gareji a Kakuri, shi ne ya fara tausaya mini. Ya ce Oga Alhaji, sanyi ne ya shiga ƙashi, ya kawo mini man zafi irin wanda yake shafawa in bayansa ya riƙe. Na shafa. Abin da zan iya cewa kawai, unguwa ta ji muryata ba tare da lasifika ba. Daga nan na nufi wanzami. Ya latsa bayana, ya ce mataccen jini ne ya taru, ya yi tsaga ya kafa ƙaho. Sau huɗu ina komawa, duk zuwa yana nuna mini baƙin jini yana cewa saura kaɗan. Na tashi da tabo reras a baya, zafin kuma ya ƙaru. Wata gwaggona ta ce jifa ce daga abokan sana'a, har na daina gaisawa da wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan ya fi komai damuna yanzu.

Duk wannan lokacin bakina na bushewa, idanuna kamar an zuba yashi. Ban taɓa haɗa su da ciwon fatar ba. Baki, na ce yawan magana ne. Ido, hayaƙin janareto.

Asirina ya tonu a wani biki a Kamazou, liyafa bayan an taso daga coci. Ina tsakiyar kiran iyayen amarya harshena ya manne a dasashi, rigar kuma ta kama ci kamar garwashi. Na jefar da makirfo, na tuɓe babbar riga a gaban jama'a, na tsaya daga ni sai singileti ina fifita da hula. Wuri ya ɗauki tafi. Sun ɗauka sabon salo ne. Wasu suka taso suna mini liƙi, suna danna takarda a wuyana, kowace dannawa kamar dutsen guga. A ranar na san in abin nan bai tsaya ba, sana'ar ta ƙare. Mace ɗaya ce ba ta yi dariya ba, uwar amarya, tsohuwar nas. Ta ja ni gefe ta ce tun ɗazu take kallona, ba na gama jimla sai na kurɓi ruwa, kuma ƙiftawar idona ta yi yawa. Ta ce in je babban asibiti, in faɗi komai, in bar barkwancin a bakin ƙofa.

Na je, amma barkwancin ban bar shi ba. Na ce wa likitar tankar fetur ce ke ci a bayana. Ta ajiye biro ta ce Baba, tankar ta jira, yaushe ya fara, ina da ina, kuma ina iya cin biredi ba shayi? Ina fitar da hawaye in na yanka albasa? Gaɓoɓina na sandarewa da safe? Sai na ajiye wasa, na amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Aka duba suga, aka duba ƙarancin bitamin da wasu abubuwan da ta ce su ma suna kawo irin wannan zafin, duk lafiya. Aka maƙala mini wata 'yar takarda a ido, ta fito kusan a bushe. Gwajin jini ya ƙarasa bayani. Garkuwar jikina ce ta juyo kaina, ta taɓa inda ke samar da yawu da hawaye, ta taɓa ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata. Shi ya sa ido ba ya ganin komai, jiki kuwa na ihu.

Ba a ce zai warke tas ba, amma ana lallaɓa shi. Ina ɗiga magani a ido, ina shan ƙwayar da ke kwantar da jijiyoyin, na koma yadi mai laushi, kuma na koma riƙe makirfo da gorar ruwa a ɗaya hannun. Kira nake ga duk wanda fatarsa ke ci ba ƙurji: kada ka bari a yi maka tsaga kan abin da ba a gani ba, kada ka zargi ɗan'uwanka, kuma ka faɗa wa likita har abin da kake ganin bai shafi ciwon ba. Ku kuma na gida, ko mai shiririta ne ya ce yana jin ciwo, ku saurara.

Kwanan baya nake yi wa mai ɗakina bayani cewa sojojin jikina ƙarfi ne ya yi musu yawa, sun rasa abokin gaba sai ni. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce ba wani ƙarfi, surutuna ne ya ishe su, shi ya sa suka fara da baki.